Dada Ta Ƙi Faɗin Sunansa, Gonar Babanmu Za Ta Tafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a bari, 'yan unguwarmu sun cika a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara rubutu, domin abin nan yana da ranar yankewa, ranar kuwa Litinin ce mai zuwa.

Ni budurwa ce, a Kagarawal muke nan cikin Gombe. Na gama sakandare ban samu ci gaba ba, ina taya mahaifiyata sana'a. Mu biyu ne a wajenta, ni da yayana. Shi Hamma nake ce masa, ita kuma Dada. Babanmu ya rasu shekarun baya, abin da ya bari shi ne gidan da muke ciki da gona guda a bayan gari, ba a raba ta ba har yau. Gonar nan ita ce cikinmu, masara da waken da muke ci daga kaka zuwa kaka duk daga can suke fitowa. Dada tana da injin markaɗe a zaure, sannan idan kaka ta yi takan sayi wake ta ajiye, nata da na matan da suka yarda da ita, in ya yi tsada a sayar kowa ta ɗauki ribarta. Ba mu da arziki, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba a kuma taɓa tsayawa a ƙofarmu ana bin mu ko sisi ba.

Sai na yi wani bayani saboda waɗanda ba Fulani ba, in ba haka ba za ku ɗauka uwata ba ta da wayo ne. Hamma ɗan fari ne. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na san gidaje da yawa sun saki wannan abin tuntuni, amma Dada irin ta da ce, da hannu biyu ta riƙe shi. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarmu a ƙauye, can ya girma, sai da zai shiga sakandare ya dawo gida. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, da ya yi aure ya kama haya a unguwar Gabukka kuma ya zama "mutumin Gabukka". Ko wani mai irin sunansa ne ya kawo markaɗe sai dai ta ce "kai mai jar riga". Idan tana da magana da shi ni ce wayarsu. Yana zaune a tsakar gida, tana bakin murhu, suna ganin juna sarai, sai ta ce min, "Ki tambayi wancan ko ya ga mai taki." In juya in maimaita, ya ba ni amsa, in mayar mata. Da ina ƙarama dariya abin yake ba ni. Yanzu kam wallahi ba ya ba ni.

Lokacin da aka yi wahalar takardun kuɗi kowa ya koma turansifa, har mai markaɗen tattasai sai ta ce a ba ta lambar akawun. Dada ba ta da akawun, ba ta da waya, ba ta yi boko ba. Sai ga ma'aikatan wani banki sun kafa lema a bakin layinmu suna buɗe wa mutane kyauta, ni na raka ta. Mutumin ya ce a kawo lambar waya, na ce ba ta da ita, ya ce ai ba komai, ku ba da ta kowa a gida daga baya a canja. Ni lokacin ina ajin ƙarshe, ba a yarda in riƙe waya ba, sai aka sa ta Hamma. Mutumin bankin bai gaya mata cewa duk wanda ke riƙe da layin nan shi ke riƙe da kuɗinta ba, bai ma ɗago ya kalle ta ba, shi dai a cika masa yawan mutanen da aka ce ya kawo. Da kati ya fito shi ma hannun Hamma ya tafi, tun da shi ke shiga gari kullum.

Daga nan tsarin ya zama haka, mace ta turo kuɗi, Dada ta ce in tambayi wancan ko sun shigo, in ari waya in kira shi ya ce sun shigo, magana ta ƙare. Idan tana son kuɗi a hannu ya ciro ya kawo ya ajiye a kan buhu, ba ya miƙa mata hannu da hannu, ita kuma ba ta taɓawa sai ya fita. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa a tambaye shi nawa ya rage ba. Na sha ce mata Dada ki bari in duba mana, sai ta ce uwa ba ta bin ɗanta da bincike kamar wani ɗan haya. Da na samu waya na ce a mayar da layin kaina, ta ce in aka karɓe daga hannunsa me zai ɗauka a ransa? Zai ce ba a yarda da shi ba. Na yi mita har na gaji na bari.

Kuma gaskiya ban zarge shi ba. Aikin haɗa wutar lantarki yake yi a sababbin gine-gine, yana samu daidai gwargwado, matarsa ɗaya 'yarsa ɗaya. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, sallah ba ta wuce shi. Na san yana son ƙwallo, kowa ya sani, duk ranar wasa yana gidan kallo. Abin da ban sani ba shi ne ba kallo kaɗai yake yi ba, caca yake bugawa a waya, wannan da samari ke cewa bet.

Yadda asiri ya tonu kuwa ta kan Maman Rahila ne. Maƙwabciyarmu ce, malamar firamare, 'yar Tangale, mun daɗe katanga ɗaya da ita. Kowace kaka takan ba Dada kuɗi a saya mata wake a ajiye, da ribar take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Bana ta turo, ta nuna min shaidar a wayarta. Dada ta ce a gaya wa wancan ya ciro za a je kasuwa. Hamma ya ce netwok. Washegari ya ce injin ciran kuɗi ya haɗiye katin. Bayan nan ya ce yana aiki a wajen gari. Daga nan ya daina ɗaga wayata gaba ɗaya. Wake kuwa sai hawa yake yi. Maman Rahila ta leƙo tana dariya ta ce, "Dada, ko dai kin cinye min kuɗi kin yanki leshi ne? Fito da shi mu gani." Dada ta taya ta dariyar. Ni ba na iya jira, na ce ta ɗauko mayafi mu tafi bankin da ƙafarmu.

Bayan dogon layi aka tura mu wajen wata ma'aikaciya mai gilashi. Ta danna kwamfuta, ta kalli Dada, ta sake kallon kwamfutar, ta ce, "Mama, ke ce mai akawun ɗin nan?" Sannan ta yi mana bayani. Babu ko naira a ciki, bin Dada ma ake yi. Ashe akwai bashin da ake karɓa ta waya, ka danna wasu lambobi kawai kuɗi su faɗo, kuma da yake kuɗin mutane suna yawan shiga akawun ɗin Dada, sai banki ya ga ai wannan babbar 'yar kasuwa ce. An karɓi kaɗan aka biya, su bankin suka ƙara, aka karɓa aka biya da kuɗin matan unguwa, suka sake ƙarawa, har aka zo kan babban da ba a biya ba. Shi da ruwansa ya haura dubu ɗari bakwai, kuma yana ƙaruwa. Duk abin da ya shigo yanzu banki ke kwashewa da kansa, kuɗin Maman Rahila ko zama ba su yi ba. Na ce to ina kuɗin bashin suka tafi? Ta juyo min da kwamfutar. Kamfanonin caca ne jere reras, wani lokaci sau da yawa a yini guda.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na ce mata yanzu tsohuwa mai markaɗe, wadda ko harafin sunanta ba ta sani ba, ita ce take cacar ƙwallon Turai? Ku da kuke ganin komai a gabanku ba ku ga inda kuɗin ke tafiya ba? Kun gani kuka ci gaba da ƙara masa? Wa ya taɓa kiranta ya ji muryarta kafin a ɗora mata wannan kaya? Mutane har sun fara juyowa. Ta ce, "Ƙanwata zauna, ba da ihu ake yi ba." Ta ce a wajensu duk abin da aka yi da layin da ke kan akawun da lambar sirri, to mai akawun ce ta yi. Na ce ai mutuminku ne ya ce a sa lambar kowa. Ta ce waɗancan na lema 'yan kwangila ne, ba sa tare da su yanzu. Kun ji fa. Lokacin neman mutane nasu ne, lokacin matsala ba su san shi ba.

Amma ta ce akwai hanya ɗaya. Idan Mama ta ce ba da saninta aka yi ba, za ta shigar da ƙorafi cewa wani ya yi amfani da akawun ɗinta ba izini, a kawo rahoton 'yan sanda, banki ya tsayar da ruwan ya yi bincike, mai yiwuwa a sauke bashin daga kanta a bi wanda ya ci. Sai dai dole a faɗi wanda ke riƙe da layin. Ta juya ta ce, "Mama, wa ke riƙe da layin nan?" Dada ta kalli ƙasa ta ce wani ne. Ta ce wani wa, ɗanki ne? Dada ta kau da kai. Ta ce mene ne sunansa? Dada ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na buɗe baki zan faɗa, ta mintsine ni a cinya, mintsinin da sai da ya yi kwanaki yana min zafi. Sannan ta ɗago ta ce, "Ni na ci. Ki rubuta ni na ci." Matar ta cire gilashi ta ce Mama kin san abin da kike faɗa kuwa? Ta ce ta sani. Da za mu fita matar ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗan fari ne ko?" Na ce eh. Ta girgiza kai ta ce in mun canja shawara tana nan.

A cikin keke muka fara, har muka iso gida ban yi shiru ba. Na ce Dada wannan ba kunya ba ce, rufa wa ɓarawo asiri ne. Ta ce in iya bakina a gaban mai keke. Kafin sati ya zagayo ta sayar da ragunan da take kiwo don layya da 'yan kunnenta, ta haɗa kuɗin Maman Rahila cif. Ni kuma na riga na gaya wa Maman Rahila komai, domin ba zan bari ta ɗauka uwata ce ta ci ba. Ta shigo ta ce, "Haba Dada, ki bari sai kin samu, ni ma ina da ɗa namiji, na san yadda abin yake." Dada ta tura mata kuɗin ta ce amana ba ta jiran sai an samu. Bayan ta fita ta yi min faɗan da ba ta taɓa yi min ba, wai na kai sirrin gida waje. Ni aka yi wa faɗa. Wanda ya yi aikin ko tari ba a yi masa ba.

Sai na tafi Gabukka da kaina. Matarsa ba ta san komai ba, ita dai ta ga kayan aikinsa suna raguwa, yana cewa aro ya bayar. Na same shi a ɗaki da rana tsaka yana kwance, na ce ko ya tashi ya bi ni ko in tara masa unguwa. Ya biyo ni. Ya tsuguna a bakin ƙofar Dada kansa a ƙasa, ita kuma ta juya baya tana tsince wake a faifai. Ya ce in gaya mata da kaɗan ya fara, ya taɓa ci sau ɗaya mai yawa, daga nan ya yi ta faɗuwa, ya ɗauki bashin farko da niyyar mayarwa kafin a sani, kullum wasa ɗaya ne ke ɓata masa tikitin cacar, wasa ɗaya tak. Na tsaya ina jiran abin da za ta ce. Na ɗauka yau kam za a fasa kunyar nan. Ta daɗe tana tsintar wakenta, sannan ta ce, "Ki tambaye shi ko ya ci abinci." Na juya na ce, "Ta ce kai ɓarawo ne, ka ci amanar uwarka, ka kunyata kabarin ubanka." Ya ce, "Ina ji fa, ba haka ta ce ba." Na ce to tun da kana ji, ni mene ne nawa a tsakani? Ga ka ga ta, ku yi magana mana kamar sauran mutane! Dada ta ce in ban daina rashin kunya ba za ta saɓa min, in je in zubo masa tuwo. Na zubo na dangwarar. Ya ci kuwa. Yana hawaye yana kai loma.

Daga nan ta aika aka kira Bappa, ƙanin Babanmu, daga unguwar Kumbiya-Kumbiya. Shi kam ya yi wa Hamma faɗa sosai, ya sa ya rantse ba zai ƙara ba, ya karɓi katin ya miƙo min, katin da babu komai a ciki. Amma da na kawo maganar ƙorafi a banki sai ya ce a gidanmu ba a taɓa kai jini wajen 'yan sanda ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Mafitarsa ita ce a sayar da gona. Gari ya riga ya iso ta, dillalai sun daɗe suna zarya suna son a yanka filaye. A biya banki daga sama, abin da ya rage a raba gado. Na ce Bappa tsaya in gane, bashin mutum ɗaya za a cire daga haƙƙin kowa, sannan shi ɗin ya zo ya ɗauki kashi biyu ni in ɗauki ɗaya? Na ce aƙalla a cire daga rabonsa. Dada ta ce bashin da sunanta yake, nata ne, ba za a taɓa rabon wancan ba, yana da iyali. Na ce to a yanki gefe a sayar a bar mana sauran. Bappa ya ce bakin hanyar gonar ƙarami ne, mai saye duka yake so ko ya fasa. Ya ce ai ni ma gaba ta kai ni, rabona zai yi min kayan ɗaki. Na ce gado da katifa ake tuƙawa a ci? Badi war haka Dada za ta auni masara a kasuwa kamar wadda ba ta taɓa mallakar ƙasa ba? Ya ce bakina ya fi ni girma, shi ya sa har yanzu nake gida.

Abin da ya sa suke lallaɓa ni duk da haka shi ne, mai sayen ya ce ba zai ba da kuɗi ba sai duk magada sun sa hannu a gaban mai unguwa, an kuma tsayar da Litinin ɗin nan. Ba hannuna ba ciniki. Kuma lokaci ba ya jira, ruwan yana hawa, an kuma ce in aka ƙara jinkiri masu karɓar bashi za su zo har gida. Dada ta ce gara ta mutu da motar banki ta tsaya a ƙofarta matan da ke ba ta amana suna kallo. Tun yanzu ma wasu sun zo sun kwashe wakensu, wai za su ajiye a wajen 'yar uwa. Ta rame, ba ta cin abin kirki, in ta zauna sai ta yi ta kallon wuri ɗaya. Na kusa saduda wallahi. Na ce a raina ƙasa ce, a sayar, uwata ta fi min gona.

Sai shekaranjiya da la'asar Hamma ya same ni a zaure ina wanke injin. Ya duba hagu da dama, ya ce in ranta masa dubu biyar zuwa Lahadi. Na ce na me? Ya fito da waya ya nuna min wasanni a jere, ya ce wannan tabbas ne, wani ne ya ba shi daga ciki, in ya ci zai biya banki gaba ɗaya gona ba za ta tafi ba. Idonsa har ƙyalli yake yi, ya yarda da abin da yake faɗa. Mutumin da ya rantse a gaban Bappa. Na watsa masa ruwan tattasan da ke hannuna, ya fita yana goge riga yana cewa ba ni da tarbiyya. Na shiga na gaya wa Dada kalma da kalma. Ta tashi ta zo zaure ta tayar da injin, babu markaɗen kowa a ciki, ta tsaya a kansa yana ta ƙara har na gaji na bar wajen.

To kun ga inda matsalar take. In na sa hannu, bashi zai biyu, amma kashi biyun nan a hannun mai wannan idon zai faɗa, kuma na san inda za su. In sun ƙare saura gida, ita kuma ba za ta taɓa ce masa a'a ba, tun da ko kallon fuskarsa ba ta yi balle ta hana shi.

Jiya na koma bankin ni kaɗai. Mai gilashin ta ce ƙorafi dole daga mai akawun zai fito, amma tun da ba ta rubutu, ni zan iya rubutawa ita ta dangwala yatsa. Ta kuma faɗa min gaskiya, in 'yan sanda suka shigo magana ta bar hannunsu, za a iya tsare shi, za a iya kai shi kotu, kuma duk da haka ba ta yi min alkawarin banki zai yafe ba. Na san in na ce wa Dada takardar rage ruwa ce za ta dangwala ba tambaya, domin ni ta yarda da ni. Abin da ke hana ni barci ke nan. Mutumin lema ya ci da rashin karatunta, Hamma ya ci, ni ce zan zama ta uku? Sannan ga matarsa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ga 'yarsa da ke rugowa ta rungume ni tana ce min Goggo. In aka zo aka tafi da ubanta da ankwa, ni na kira su.

Wani abu kuma da na gane a 'yan kwanakin nan yana ci min rai. Da ina ganin ni ce 'yar gaban goshi, tun da sunana ba ya barin bakinta daga safe har dare, shi kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Ashe ni ake aika, shi ake so. Ba na jin haushin ta so ɗanta, haushina shi ne son ya zama ba ta iya buɗe baki ta ce masa ya isa haka.

Don haka ina tambayar ma'aikatan banki da lauyoyin da ke cikin zauren nan, da gaske bankin ba shi da laifi ko kaɗan? Su suka ce a sa lambar kowa, su suka yi ta ba da bashi ga matar da ba su taɓa jin muryarta ba, suna gani kuɗin na tafiya caca suna ƙarawa. Babu inda za a kai su ƙara a kan nasu sakacin ba tare da an kai Hamma caji ofis ba? Malamai kuma ku faɗa min, in na ƙi sa hannu alhali uwata ta ce in sa, na saɓa mata ne, ko haƙƙina na riƙe? Iyaye mata da ke da irin wannan ɗan, me ya taɓa tsayar da naku, rufin asiri ko barin sa ya ɗanɗana? Masu cewa in yi haƙuri in yi addu'a, ina yi, ban fasa ba, amma ranar Litinin ba za a tambaye ni addu'a ba, biro za a miƙo min.

Dada ta riga ta wanke mayafin da zan sa ranar, ta goge shi, ta rataye a ƙofar ɗakina. Ba ta tambaye ni ko zan je ba. In ku ne, za ku yafa shi ku je ku sa hannu gonar ubanku ta tafi, ko za ku kai sunan ɗan uwanku inda uwarku ta ƙi kaiwa? Ku faɗa min gaskiya ko da zagina za ku haɗa da shi, ina nan ina karantawa.